Abin Da Ya Tsiro A Bayan Kicin

Har yau in na ga ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe a tafin hannun yaro sai gabana ya faɗi, ko da ɗinya ce wadda kowa ke ci. Na sha tsayawa a bakin titi ina buɗe hannun ɗan da ban san uwarsa ba, ina tambayarsa inda ya samo. Wasu su ɗauke ni mai shisshigi, wasu su yi min kallon wadda kanta ya ɗan taɓu. Ba na ganin laifinsu. Ba su kasance tare da ni ba a gidanmu na haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ranar wata Juma'a a ƙarshen damina.

Gidan sashe biyu ne, ƙofar waje ɗaya. Mu muna na ciki, Malama da mijinta suna na gaba. Malama mutuniyar Filato ce, Kirista, tana koyarwa a wata firamare a Tarauni. Mace ce mai dariya da ƙarfi, kuma ba ta iya dawowa daga garinsu hannu rabbana. A bayan kicin ɗina akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da katanga, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma ba, nan na mayar lambuna. Ni mace ce mai son shuke-shuke, ko gwangwanin madara na gani a yashe sai na cusa masa ƙasa. Akwai zogale a wurin, da lalle, da na'a-na'a a tsohuwar robar wanki, da wani rumman da ya ƙi girma ya ƙi mutuwa.

Da Malama ta dawo daga hutun Kirsimeti sai ta miƙo min wasu 'yan sanduna naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida. Ba ganye ko ɗaya a jikinsu, in ka gan su sai ka ce asuwaki ne. Ta ce sunan itacen karant. Mahaifinta ya yi wa wasu Turawa aikin lambu tun tana yarinya, da suka tafi itacen ya zauna a bayan gidansu can kan tsauni. Ta ce 'ya'yansa ƙanana ne baƙaƙe, a cure suke fitowa, suna da tsami, ana dafa su da sukari a shafa a burodi.

"Amma fa kar ki sa rai, maƙwabciya," in ji ta. "Abin nan ɗan sanyi ne. Kanon nan taku ko mutum da ƙyar yake yi."

Ai kamar ta ce min in sa rai. In dai aka ce abu ba zai yi a hannuna ba, to an ɗaura min aiki ke nan. Na sa maigidan a gaba sai da ya samo min buhun takin awaki daga wajen wani mutum a Ƙauyen Alu, ya ɗoro shi a adaidaita yana mita, wai a gidan nan itace ya fi shi gata. Na yanke bakin jarkoki, na cakuɗa takin da jar ƙasa da yashi, na soke sandunan a ciki. Na duba hoton itacen a waya kuma, don in san abin da nake jira. 'Ya'yan na tsaya kallo, baƙaƙe sumul suna sheƙi, ban ko kula da yadda ganyen yake ba.

Sandunan sun ɗan yi toho lokacin sanyi, har na fara cika baki. Da bazara ta shigo sai tohon ya ƙone. Na yi musu rumfa da buhu, ina ba su ruwa safe da yamma, ruwan da 'yan garuwa ke kawo mana muna lallaɓa shi. Duk da haka suka bushe ƙayau. Malama ta leƙo ta ce in tumɓuke in huta, za ta kawo min wani abin da ya fi jure rana. Na ce a bar su tukuna. Ruwa ya sauka, makarantu suka yi dogon hutu, Malama ta tattara ta tafi gida. Ba a daɗe ba na shiga lungun da safe na ga kore shar a gindin busassun sandunan, a kusan kowace jarka. Na ce ikon Allah, ashe saman ne ya mutu, saiwar tana nan da ranta.

Abin ya yi ta girma kamar ana jan sa. Ya kai min gwiwa, ya yi 'yan furanni farare, furannin suka zama 'ya'ya kore a cure, wasu suka fara baƙi suna sheƙi, daidai da abin da na gani a waya. Na tsinki nunanne ɗaya na ɗanɗana, na ji ɗan zaƙi-zaƙi, babu tsamin da Malama ta faɗa. Sai na ce ranar Kano ce ta shanye tsamin. Mai son abu ba ya rasa dalili. Na ƙudura ba wanda zai taɓa su sai Malama ta dawo ta gani da idonta, in ga inda za ta sa fuskarta.

Yanzu sai na faɗi yadda muke da 'yata, in ba haka ba ba za a gane abin da ya tsayar da ni a bakin ƙofa ranar nan ba. 'Yar fari ce, lokacin shekararta huɗu da ɗoriya, kuma sunan mahaifiyar maigidan aka sa mata. A gidanmu kara ba wasa ba ce. Ni ma 'yar fari ce, har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Da na haifi tawa sai na bi abin da na tashi na gani, ga kuma nauyin sunan suruka a kai. Ni nake mata wanka, ni nake mata kitso, ni nake sanin ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba, amma in da mutane a wuri fuskata a ɗaure take. "Ke" nake ce mata, in zan yi zancenta in ce "yarinyar nan". Ko laƙabin da ake kiranta da shi ba na faɗa. Ita kuma ta tashi tana ce min Anti, don ta ji ƙannen babanta suna faɗa, ba wanda ya gyara mata. Ƙawayena suna min dariya, su ce ko a ƙauye an fara dainawa, ni da na yi boko nake wahalar da kaina. Ba su san in ta yi barcin rana ba kowa a gidan ina zama in yi ta sunsunar kanta ba.

A daminar nan Hajiya, wato surukata, ta zo ta zauna da mu saboda ciwon gwiwa da take zuwa asibiti a kai. Tana ji da ni, kuma karar nan tawa ce ta fi burge ta. Na sha jin tana faɗa wa baƙi cewa matar ɗanta 'yar mutunci ce, ba irin na yanzu ba masu rungumar ɗan fari a gaban kowa suna kiran sa da baki har kunne. Irin wannan yabon daɗi ne da shi, kuma ɗaure mutum yake yi. Yarinyar ta koma ɗakin Hajiya gaba ɗaya, can take ci can take kwana, Hajiya na ce mata takwara. Da 'ya'yan itacen suka fara nuna na ga tana yawan zagayawa bayan kicin, sai na tsaya a tsakar gida na faɗa wa iska, yadda na saba: "Duk wanda ya taɓa min 'ya'yan itacen nan zai sha bulala." Ban ce don suna da illa ba, don ban san suna da ita ba. Rowa ce kawai irin ta mai lambu.

Ranar Juma'ar, da hantsi, ina tsintar shinkafa na ji kakarin amai daga ɗakin Hajiya. Na ajiye farantin na miƙe, na kai bakin ƙofar na tsaya. Labulen a ɗage yake. Yarinyar tana durƙushe a kan leda tana riƙe da cikinta, Hajiya na shafa mata baya.

"Hajiya, lafiya?" na ce, ina kallon bango.

"Ba komai 'yar nan, zazzaɓin damina ne. Kawo min ruwa da tsumma, ki koma kan girkinki."

Na kawo. Na koma kicin kamar yadda aka ce. Daga tagar kicin ana hango ƙofar ɗakin, nan na kafe ina yanka albasa, ban san iya wadda na yanka ba. Aman ya sake dawowa, sannan gudawa. Ina jin yarinyar tana cewa cikinta, cikinta, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba. Ƙafafuna suna so su tafi, wani abu yana riƙe su. Ina ce wa kaina kakarta tana wurin, wadda ta raini 'ya'ya da jikoki, me zan je in yi wanda ba ta iya ba? In na faɗa ɗakin a rikice me za ta ɗauke ni? Haka na yi ta lallashin zuciyata.

Aikin da kara ta yarda in yi shi ne kwashe ƙazanta, don haka da Hajiya ta turo ledar bakin ƙofa na yi saurin ɗauka. A wajen famfo na ga abin da ke cikin aman. Ɓawo ne kore-kore, da ƙananan ƙwayoyi farare masu yawa. Na zagaya bayan kicin. A gindin jarkokin ga gwangwanin tumatir guda biyu da murfin kwalba da tsinke, kayan wasan girkinta. Gwangwanin ɗaya cike da 'ya'yan itacen, ɗanyu kore, an daddage wasu da dutse an zuba ruwa. Nunannun da nake ƙirgawa da ido kullum suna nan ba ta taɓa su ba. Wayonta na yara ne ya ba ta cewa in ta ɗebi koren ba zan gane ba. Rassan ƙasa duk an tsige su tas.

Abin mamaki, sai na ji sanyi-sanyi a raina. Na ce ashe ɗanyen abu ta ci ya ɓata mata ciki, kamar yadda ɗanyen mangwaro ke yi wa yara. Abin da Turawa ke shafawa a burodi ai ba zai kashe mutum ba. Har na fara shirya faɗan da zan yi wa iska in ta warware.

Ina nan tsugune na ji ana buga ƙofar waje, na ji dariyar Malama. Da sassafe ta taso daga garinsu. Ta shigo sashenmu da ledar dankalin Turawa da kabeji tana kiran maƙwabciya, maƙwabciya. Na ce mata ina baya. Duk da halin da nake ciki sai da wani ɗan alfahari ya motsa min, na miƙe na matsa gefe don ta gani da kyau.

"Ga abin da kika ce ba zai yi a Kano ba," na ce.

Ta dubi shukar. Dariyar ta tsaya a fuskarta, ta sunkuya ta kama ganye ɗaya ta murza ta kai hanci. Ta ja busasshen sandan da ke tsakiyar jarkar, ya fito salin alin, ba saiwa ko ɗaya a jikinsa.

"Maƙwabciya, wannan ba shi na ba ki ba fa. Nawa ganyensa faɗi ne da shi, kuma yana ƙamshi. Ga nawa nan, ya mutu tun tuni."

"To wannan mene ne?"

"Ban sani ba. Ciyawa ce dai. Ba ku ci ba ko?"

Gwangwanin na nuna mata. Ta dube shi, ta dube ni, daidai lokacin kuma muka ji Hajiya tana kiran takwara, takwara, da muryar da ta fi ta ɗazu ƙarfi. Na sha jin ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, ban san nauyin maganar ba sai a lungun nan, da rana tsaka, ina tsaye a kan abin da na yi wata da watanni ina ba ruwa da hannuna ban san ko mene ne ba.

Ban san lokacin da na isa ɗakin ba, kuma ban yi sallama ba. Yarinyar tana kwance a cinyar Hajiya, jikinta ya saki, gumi ya jiƙa mata goshi, yawu na bin gefen bakinta. Idanunta a rabin buɗe suke amma ba kallon kowa take ba. Na sa hannu na ɗauke ta daga cinyar kakarta, abin da ban taɓa yi ba. Jikinta sanyi ƙalau, ga nauyi kamar ba ita ba.

"Ke," na ce ina girgiza ta. "Ke! Tashi mana."

Ko motsi. Malama ta faɗa wa Hajiya abin da ake ciki a gurguje. Hajiya ta dafe ƙirji tana salati. Na kira wayar maigidan, a kashe, ya riga ya shiga masallaci. Mijin Malama yana wajen aiki da motarsa. Malama ta ce mu fito ƙofar gida, ita za ta nemo abin hawa, ta tumɓuki shukar guda har da ƙasarta ta fita da gudu.

Duk wanda ya san unguwarmu ya san yadda take a irin wannan lokacin ranar Juma'a. Layin da kullum adaidaita ke damun mu da ƙara ya yi tsit. Shaguna a rufe, mai shayi ya kife tukunyarsa, ko yaro babu. Sai muryar liman daga lasifika tana tahowa daga nesa. Na tsaya a ƙofar gida da yarinyar a kafaɗata, ba mayafi, ba takalmi, ina duban gabas ina duban yamma. Ina jin numfashinta a wuyana, sai ya yi kamar ya tsaya, sai in daina nawa numfashin ina saurare, sai ya dawo. A tsayuwar nan babu irin tunanin da bai zo min ba. Na tuna likkafanin yara ɗan ƙarami ne. Na tuna yadda ake cewa uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane ko da ya mutu. Hajiya ta fito tana jan ƙafa, ta yafa min mayafinta, ita ta tsaya da ɗankwali kawai.

Can sai ga adaidaita ya shawo kwana, Malama a ciki tana ɗaga mana hannu. Direban wani magidanci ne, da farar riga da darduma a kafaɗa. Ashe ya ajiye mashin ɗin ke nan zai shiga sahu ta tare shi. Ya dubi yarinyar sau ɗaya, ya jefa dardumar a gabansa ya ce mu hau. Muka cusu a baya mu uku, ni a tsakiya. Babban asibiti ba shi da nisa da mu, a ranar da ba Juma'a ba da tuni mun isa. Amma masallata sun cika titi, sahu ya fito har kan kwalta, dole ya juya ya bi ta lunguna, cikin taɓo da kwatami, mashin ɗin yana tangaɗi. A wani rami da muka faɗa kan yarinyar ya langaɓe baya, bakinta ya buɗe. Na tallafo shi, ya sake langaɓewa. Na kara kunnena a ƙirjinta, ƙarar inji ta hana ni jin komai.

Sai na ji bakina ya kira sunanta. Ba laƙabin ba, sunan na yanka, wanda aka raɗa mata, wanda yake na matar da ke zaune kafaɗarta na gogar tawa. Da ƙarfi na kira shi, har direban ya waiwayo. Hajiya ta zabura kamar an tsikare ta. Ina jin tun rasuwar iyayenta ba wanda ya kira sunan nan tsirara a kusa da ita. Na ji kunya ta taso min, tsoro ya danne ta, na sake kira.

"Kira ta, 'yar nan," in ji Hajiya. "Kira ta da ƙarfi. Muryarki za ta fi ji."

Na yi ta kira. Ina kira ina jijjiga ta, ina ce mata ni ce, ta buɗe ido ta dube ni, ba zan doke ta ba, ta cinye duk lambun ma in tana so. Malama tana addu'a da yarensu, Hajiya tana karanto duk abin da ya zo bakinta. Wajen shiga ƙofar asibitin na ga fatar idon yarinyar ta motsa, ta ɗan yi wani ƙaramin nishi. Ban san ko ji ta yi ba, ko girgizar hanya ce.

A ɗakin taimakon gaggawa wata nas ta karɓe ta daga hannuna, ta ce ina uwar yarinyar. A da in aka yi irin wannan tambayar sunkuyar da kai nake yi wani ya amsa. Na ce ni ce, tun kafin ta rufe baki. Likitan ya karɓi shukar daga hannun Malama ya jujjuya ta, ya ce gautan kaji ne. Ya tambaya ko mun zuba takin dabbobi, na ce e. Ya ce a ciki irin yake zuwa, awaki su ci a daji su kasayar. Nunannen wasu na ci ba ya yi musu komai, amma ɗanyen dafi ne da shi, musamman ga ƙaramin yaro. Ana cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa sayen takin awaki ba.

"Kamar nawa ta ci?" in ji likitan.

"Ban sani ba."

"Tun yaushe ta fara aman?"

"Tun da hantsi."

Ya dubi agogo kawai. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Suka nemi jijiya a hannunta suka rasa, suka koma ɗaya hannun, allura na shiga tana fita yarinyar ko uhum ba ta ce ba, ita da ke tara mana unguwa in za a yi mata rigakafi. Da ƙyar suka samu suka ɗaura mata ruwa. Na tambayi likitan ko za ta tashi. Ya ce ruwan jikinta ya ƙare sosai, za su yi abin da za su iya, sauran mu sa ido a kan numfashinta mu yi addu'a. Na so ya ce min e kawai, ko da ƙarya ce.

Aka kai mu wani gado a ɗakin yara. Na zauna a gefen gadon na riƙe ƙafarta, don hannuwan duk an naɗe su. Maigidan ya iso bayan an sauko daga masallaci, hularsa a hannu, ya tsaya a kanmu. Ya ga yadda na riƙe ta a gaban mahaifiyarsa, ya dubi Hajiya, Hajiya ta kawar da kai. Malama ta tafi gida ta dawo da takalmana da kunu a fulas, ba wanda ya sha. Ta yi ta cewa da ba ta kawo sandunan nan ba, na ce ta yi shiru don Allah, ba ni da ƙarfin lallashin kowa.

Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. Idona yana kan ƙirjinta, in ya ɗaga in ce alhamdu lillahi, in ya sauka in jira. A gadon da ke kusa da mu wata mata tana ba ɗanta nono tana yi masa wasa, na ji haushinta ba gaira ba dalili. Duk nas ɗin da ta wuce sai na bi fuskarta da kallo ina neman labari a ciki. Aka canja ledar ruwa, aka sake canjawa. Aka kira la'asar na kasa tashi, ina tsoron in juya baya wani abu ya faru. Lokaci-lokaci nakan sunkuya in faɗi sunan a kunnenta. Ya daina yi min nauyi a baki, har na ji mamakin yadda yake da daɗin faɗa.

Rana ta yi sanyi, hasken taga ya koma ja, sai na ji ƙafar da ke hannuna ta yi ɗumi. Yatsun suka motsa. Ta juya kai, ta yamutsa fuska, ta buɗe ido. Ta fara duban Hajiya, sannan babanta, sannan ta sauko da idon kaina, ta ga hannuna a ƙafarta. Na ga tsoro ya shigo fuskarta, ta tuna bulalar da na yi alkawari. Na yi maza na kira sunanta, na ce ba komai, ba wanda zai taɓa ta.

Ta kafe ni da ido. Leɓɓanta sun bushe, da ƙyar maganar ta fito.

"Anti, ashe kin san sunana?"

Maigidan ya juya ya fuskanci taga. Hajiya ta dafa gadon ta miƙe da ƙyar, ta ce bari ta je ta yi alwala, alhali na san da alwalarta, ta ja hannun ɗanta suka fita. Na hau gadon na kwanta a gefenta, na sa bakina a kunnenta na sake faɗa mata shi a hankali, na yi ta faɗa har barci ya ɗauke ta.